Enzo na Duka, Erine na Jiran Kira: Bitar Wasan Aurion daga Libreville

Wasan Aurion: Legacy of the Kori-Odan ya fito ranar 14 ga Afrilu, 2016, daga hannun wani ƙaramin kamfani mai suna Kiro'o Games da ke Yawunde a Kamaru. Har yau shi nake fara miƙa wa duk wanda ya ce mini yana son koyon jan ragamar tawaga a fagen faɗa na wasan bidiyo. Akwai wasannin da suka fi shi girma nesa ba kusa ba, akwai waɗanda aka kashe wa kuɗin da ya ninka nasa sau ɗari. Amma wajen koya wa yatsun sabon shiga cewa akwai wani a gefensa a filin daga, kuma wannan wanin yana jiran umarninsa, Aurion ya kama hanya mai sauƙin shiga kai, kuma ya kama ta da gangan.

Ga mu mazauna Libreville, wannan wasa ɗan maƙwabta ne. Motar da ta tashi daga nan zuwa Yawunde ta Oyem da Bitam take bi, garuruwan lardin Woleu-Ntem inda Hausawa suka daɗe da kafa gidaje da masallatai tun zamanin fatauci. Idan ta ƙetare iyaka ta bi ta Ambam da Ebolowa, fasinja Bahaushe ya san inda zai sauka, wato unguwar Briqueterie. Kuɗinmu ɗaya ne, sefa. Faransancin da aka rubuta wasan da shi kuma shi ne wanda yaranmu ke ji a makaranta da kasuwar Mont-Bouët. Duk da wannan kusanci, idan ka leƙa ɗakunan wasa na unguwanni, ƙwallon ƙafa ce ke cin kasuwa a kan PlayStation, sai wasannin harbi. Irin wasan da ake kira RPG, inda mutum ke shiga rigar wani jarumi ya bi shi cikin dogon labari yana ƙara masa ƙarfi da dabara, bai samu gindin zama sosai ba. Dalili ɗaya da nake yawan ji daga bakin matasa shi ne: maɓallan sun yi yawa, mutanen da ake kula da su sun yi yawa, kai yana ɗaukar zafi.

Labarin wasan a taƙaice ke nan. Enzo Kori-Odan yarima ne na birnin Zama, a wata duniya da aka ƙirƙira mai suna Auriona. Rana ɗaya aka sa domin naɗinsa da ɗaurin aurensa da Erine Evou. A wannan ranar ce Ngarba Evou, ɗan'uwan amarya, ya auko wa birnin ya ƙwace mulki. Ango da amarya suka tsinci kansu a gudun hijira, suna yawon neman magoya baya, Enzo kuma yana neman haɗa gadon ƙarfin kakanninsa domin ya koma ya karɓi garinsa. Mai karatu Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan sarkin da aka kora ya tafi neman mafaka da dakaru. Tarihin Maraɗi da na tsohuwar Abuja, wadda yau ake kira Suleja, daga irin wannan fita suka samo tushe, lokacin da sarakunan Katsina da na Zazzau suka bar biranensu a farkon ƙarni na 19. Mutumin Libreville kuwa, wanda ya wayi gari ranar 30 ga Agusta, 2023 ya ji sojoji sun karɓi mulki jim kaɗan bayan sanar da sakamakon zaɓe, ya san yadda ranar da aka shirya wa biki take rikiɗewa kafin hantsi.

To amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne faɗan, da yadda wasan ke koyar da shi.

Matsalar tsohuwa ce a wannan fanni. Ɗan wasa mutum ɗaya ne, hannu biyu gare shi, amma an ba shi jarumai uku ko huɗu ko shida ya kula da su a lokaci guda. Kowane zamani da maganin da ya kawo. Final Fantasy na farko, wanda ya fito a Japan a 1987, ya sa faɗa ya zama bi da bi: ka zaɓa wa kowane ɗaya cikin jarumai huɗu abin da zai yi, sannan ka zuba ido ka ga sakamako. Baldur's Gate na kamfanin BioWare na Kanada, a 1998, ya bar faɗa yana gudana amma ya ba ka damar dakatar da komai da maɓalli ɗaya, ka raba wa mutum shida umarni, ka sake sakin lokaci. Final Fantasy XII a 2006 ya zo da tsarin da ake rubuta wa kowane jarumi dokoki tun kafin a shiga fage, misali idan ran abokinka ya sauka ƙasa da rabi, yi masa magani. Dragon Age: Origins ya bi kusan wannan layi a 2009. Baldur's Gate 3 na kamfanin Larian na Beljiyam, a 2023, ya koma bi da bi da tawagar mutum huɗu, ya kuma samu karɓuwar da ba a saba gani ba. Duk waɗannan hanyoyi suna da kyau, ina kuma girmama su. Sai dai kowace tana neman mai koyo ya zauna ya fahimci tsari tukuna, kafin jikinsa ya ɗanɗani daɗin faɗa. Yaron da ya taso da wasan ƙwallo, inda kowane taɓi ke haifar da motsi nan take, yakan gaji tun bai kai ga daɗin ba.

Akwai wata hanya ta daban da jerin wasannin Tales na kamfanin Namco ya buɗe da Tales of Phantasia a 1995, ya ci gaba da Tales of Destiny a 1997. A nan faɗa kai tsaye yake, ba tsayawa, ana kallonsa daga gefe, kai kana riƙe da jarumi ɗaya, kwamfuta na tafiyar da sauran bisa tsarin da ka ɗora su. Daga wannan gida Aurion ya ɗebo wuta, masu yin sa ma ba su ɓoye hakan ba. Abin da suka ƙara na kansu shi ne rage tawagar zuwa ƙarshen abin da za a iya ragewa a ci gaba da kiranta tawaga: mutum biyu, miji da mata.

Enzo ne a hannunka. Da hannu da ƙafa yake faɗa, yana naushi, yana shuri, yana tsalle, yana karewa, yana zillewa. Idan ka jera duka yadda ya kamata sai ka ɗaga abokin gaba sama, ka bi shi can ka ci gaba da jibgarsa kafin ya taɓa ƙasa. Wannan kashi na farko kowa yana kama shi da wuri, domin jiki ya riga ya san irinsa daga wasannin dambe da kokawa na talabijin. Erine kuwa ba ka tafiyar da ita taki bayan taki. Kiranta kake yi. Idan ka kira ta sai ta shigo da abin da ka nema, ko ta warkar da mijinta, ko ta taimaka masa da hari, kuma abin da take iya bayarwa yana da iyaka, ba rijiya ba ce da za a yi ta ɗiba. Saboda haka tambayar da ke gaban ɗan wasa a kowane lokaci guda ɗaya ce, mai sauƙin faɗi: yanzu ne lokacin kiranta, ko in ƙara haƙuri?

Wannan tambaya ita ce zuciyar dukan wasannin tawaga, ko na mutum shida ne. Wanda ke dakatar da Baldur's Gate yana raba umarni, a ƙarshe abin da yake aunawa ke nan: wa zai shigo, yaushe, da me, kuma me zai rage a hannu idan faɗan ya yi tsawo. Aurion ya ware wannan tambaya ita kaɗai, ya cire mata duk wani kaya, ya ɗora ta a kan yatsa ɗaya. Babban yatsa yana can yana aikin duka, ɗayan yatsan yana jiran lokacin kira. Mai koyo bai san ana koya masa rabon hankali gida biyu ba, amma abin da ke faruwa ke nan.

Na lura masu koyo kusan duk hanya ɗaya suke bi. Da fari sukan manta da Erine ɗungurungum. Idonsu na kan naushin Enzo, suna jin daɗin jerin duka, har sai ma'aunin rai ya kusa ƙarewa sannan su tuna akwai mai magani, a lokacin kuma an makara. Daga nan sai su faɗa ɗaya ɓangaren, su riƙa kiranta da zarar an ɗan taɓa su, ƙarfinta ya ƙare tun faɗa bai yi nisa ba, babban abokin gaba ya same su hannu rabbana. Sai a mataki na uku abin ke zama. Ido ya koyi sauka kan ma'auni ya dawo fage ba tare da hannu ya tsaya ba. Mutum ya fara gane cewa akwai ɗan sarari bayan ya tunkuɗe abokin gaba nesa, ko lokacin da ya ɗaga shi sama, kuma wannan sarari ne wurin kira. Ranar da yaro ya fara shirya wannan sarari da kansa, yana dukan da niyyar samar wa Erine wurin shigowa, ranar ya zama mai jan tawaga, ko da bai taɓa jin sunan Dragon Age ba.

Wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya san ɗan dambe shi kaɗai ke shiga da hannunsa ɗaure, amma kunnensa na wurin makaɗinsa, kuma kiɗan da ya zo a daidai lokacinsa yakan tayar da wanda gwiwarsa ta fara sanyi. Haka Erine take ga Enzo, sai dai a nan ɗan damben ne da kansa ke zaɓar lokacin da ganga za ta tashi, yana tsakiyar musayar naushi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda wannan tsari ya dace da labarin. Enzo saurayi ne mai ji da kansa, wanda aka rene shi ya gaji sarauta, ya sha kaye a ranar da ya fi kowace muhimmanci a rayuwarsa. Tafiyar tasa ta koyon abin da sarauta ke nufi ce, kuma Erine ba kayan ado ba ce a cikin wannan tafiya. Tana magana, tana musu, tana da nata nauyin, domin wanda ya kore su jininta ne. A wasanni da yawa labari yana gefe guda, maɓallai suna gefe guda, sai ka ga jarumi yana wa'azin zumunci a hoton bidiyo alhali a fagen faɗa shi kaɗai ke share kowa. A Aurion, idan ka yi wasa kamar Erine ba ta nan, wasan zai kayar da kai, kamar yadda labarin ke nuna Enzo ba zai kai ko'ina ba idan ya ɗauki matarsa 'yar rakiya. Hannunka yana koyon abin da jarumin ke koyo, a lokaci ɗaya. Wannan aikin gwanaye ne, kuma ban cika ganin an yaba wa Kiro'o a kansa yadda ya dace ba.

Akwai kashi na uku na faɗan, wato shi Aurion ɗin da wasan ya ci sunansa. Wani ƙarfi ne da ke haɗa mayaƙi da kakanninsa. Yayin da tafiya ke nisa Enzo yana buɗe sassan wannan gado ɗaya bayan ɗaya, kowane da irin hare-haren da yake kawowa, ana kuma iya gauraya su a fitar da sababbi. Idan ya shiga wannan yanayi faɗan yakan canza kama, haske ya cika allo, duka ya yi nauyi. Ta fuskar koyon sarrafawa, wannan ma wata murya ce da ake kira a lokacin da ya dace, don haka tawagar mutum biyu ta zama kamar ta uku ba tare da an ƙara wani jiki a fage ba. Ɗan Gabon da ya taso yana jin mvet, wato waƙar jarumta ta Fang da ake rerawa da kayan kiɗa mai tsirkiya, wadda Tsira Ndong Ndoutoume ya rubuta a littafi a 1970, zai ji wani abu da ya sani a nan: mayaƙa masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, faɗan da ke tashi daga ƙasa ya koma sama, da jarumin da ba ya rabuwa da sunan zuriyarsa. Musulmi mai wasa zai ɗauki batun kakanni a matsayinsa na tatsuniya, kamar yadda muke ɗaukar aljanu da dodannin labaran da aka yi mana muna yara, ya kuma ga cewa abin da ake nufi a ƙasa shi ne nauyin gado a wuyan magaji.

Zanen wasan da hannu aka yi shi, kuma yana da kyau ƙwarai. Tufafi, kitso, launin ƙasa da fasalin gine-gine duk an ɗebo su daga sassan Afirka daban-daban aka sake dama su, ba a kwafi wata ƙabila guda ba. A fagen faɗa wannan yana da amfani na zahiri, domin jikin Enzo da na abokan gaba a fili suke, kana iya karanta motsin wanda ke shirin kawo maka hari, sai dai lokacin da haske ya yi yawa a manyan hare-hare, inda allo kan cika har ido ya rasa inda jarumi yake na ɗan lokaci.

Ba zan ɓoye inda wasan ya gaza ba, domin wanda zai saya ya cancanci ya sani. Bayanin maɓallai yana zuwa da yawa a farkon tafiya, a rubuce, alhali tsarin da kansa ya fi kowane rubutu iya koyarwa. Da an bar mai koyo ya daɗe da Enzo shi kaɗai, sannan a shigo masa da dabarun Erine ɗaya bayan ɗaya, kowace da faɗan da ke tilasta amfani da ita, da darasin ya fi zama. Wasu manyan abokan gaba ransu ya yi tsawo fiye da kima, har faɗa ya tashi daga gwajin dabara ya koma gwajin juriya. Wuraren tsalle-tsalle da hawa tsakanin faɗa da faɗa ba su kai faɗan laushi a hannu ba. Fassarar Ingilishi tana da tuntuɓe, don haka wanda ke jin Faransanci, kamar yawancinmu a nan, gara ya zaɓe shi. Sannan shawara ta aiki: a nemi manet, wato abin sarrafa wasa da ake riƙewa da hannu biyu. Da kibod ana iya yi, amma rabon aiki tsakanin yatsan duka da yatsan kira, wanda shi ne ƙashin bayan komai, a manet yake fitowa sosai.

Babban ƙorafina kuwa game da Erine ne. Labarin ya ba ta matsayi na sarauniya mai ra'ayi, amma a fage ta tsaya a mai amsa kira. Na so a ce akwai wuraren da ake juya lamarin, ragama ta koma hannunta, Enzo ya zama wanda ake kira. Da hakan ya koya wa ɗan wasa darasi na gaba a jan tawaga, wato sauya jarumi a tsakiyar faɗa, wanda zai tarar a manyan wasanni. Da kuma ya ba 'yan mata masu wasa, waɗanda ba su da yawa a ɗakunan wasanmu amma suna nan a gidaje, jarumar da za su riƙe da hannunsu.

Idan aka san yadda aka yi wasan, waɗannan kurakurai sukan sami wurin zama a zuciya, ko da ba su ɓace ba. Olivier Madiba, wanda ya kafa Kiro'o, ya fara tunanin Aurion tun 2003 yana matashi. Kamfanin ya tsaya da ƙafafunsa bayan shekara goma, da ma'aikata kimanin ashirin, yawancinsu masu zane da masu rubuta manhaja da suka koyi aikin wasa a bakin aiki, domin babu makarantar wannan sana'a a kusa. Sun nemi jari ta hanyar sayar da hannun jari ga ɗaiɗaikun mutane, sannan a 2015 suka tara kusan Yuro 50,000 a dandalin Kickstarter daga mutum fiye da 1,300. Ɗaukewar wutar lantarki a Yawunde ta sha tsayar musu da aiki. Kamfanin Plug In Digital na Faransa ne ya fitar da wasan a kasuwar Steam domin kwamfuta. Ana lissafa Kiro'o a matsayin kamfanin wasan bidiyo na farko a Afirka ta Tsakiya. Ina ganin ƙarancin hannu da na kuɗi yana cikin abin da ya sa suka tsaya a jarumai biyu, domin kowane ƙarin jarumi yana nufin ɗaruruwan zane na motsi. Amma sun mai da wannan ƙunci ya zama tsari mai ma'ana, suka gina labarin aure da sarauta a kansa, har ya zama da wuya a yi tunanin wasan da mutum na uku a fage.

Samunsa a Libreville yana da ɗan wahala ta fuskar biya, tunda Steam kati yake nema, mu kuma yawancin cinikinmu na waya ne. Wanda ke da ɗan'uwa mai katin banki ya wuce wannan shinge. Wasan ba ya neman kwamfuta mai tsada, wadda ɗalibi ke aikin makaranta da ita takan ɗauke shi.

Ga wanda ke da ƙane ko ɗa da ke son shiga manyan wasannin tawaga amma yana tsoron yawan maɓallai, tsarin da nake ba da shawara shi ne ya fara da Aurion har ya kai inda kiran Erine ya daina zama abin tunani. Daga nan ya wuce ɗaya daga cikin wasannin Tales, inda zai tarar da fage irin wanda ya saba amma da abokai uku maimakon ɗaya. Bayan haka Dragon Age: Origins ko Baldur's Gate 3 ba za su ba shi tsoro ba, domin abin da zai ƙara koya a can yawan mutane ne da tsara su a fili, su kuma waɗannan wasanni suna ba shi damar tsayar da lokaci ya yi tunani, abin da Enzo da Erine ba su saba ba shi ba.